Gadar Mushk Begim

Yazdur, 9 ga Afrilu

Zuwa ga jikana Sabzali, mai yi wa Turawa ja-gora a Skardu,

Ya Ali madad. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Kawunka Daulat lafiya, matarsa lafiya, bakinta ma lafiya ƙalau. Sanyin bana ya tafi da tumaki huɗu, bai taɓa mana yak, shanun dutsenmu masu gashi, ko ɗaya ba. An fara huɗar sha'ir. Gwiwata tana nan tana ƙara kamar ƙyauren rumbu, amma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Idona ne. Likitan da ya zo bara ya haska min fitila, ya ce yanar ido ce, ta gama da na hagu, tana kan hanyar na dama. Yanzu in ƙawata Gul Andom ta tsaya a bakin gona, sai ta yi magana nake bambanta ta da buhun gari.

To, ka saurara. Shekara ashirin da shida ke nan mahaifiyarka Nigor tana kwance a Pamir, can makiyayarmu ta sama inda ta haife ka ta cika. Maza duk sun sauka yankan sha'ir, mu mata huɗu da tsoho ɗaya muka binne ta. Tsohon ya mutu, mata biyu sun bi shi, Gul Andom kuwa ba ta tuna ko abin da ta ci jiya. Saura ni. Babu allo, babu rubutu, duwatsu ne a cikin duwatsu. Ranar da idon nan ya rufe, kabarin Nigor ya ɓata ke nan. Ina so ka zo ka hau da ni in nuna maka shi. Bana nake so, ba baɗi ba.

Na san za ka ce kogi. Gaskiya ne, shekara shida rabona da sama saboda akwatin nan da ake jan mutum a ciki a kan waya, ƙafata ba ta naɗuwa ta shiga. Bar min kogin, ina da shiri a kansa.

Ana ba ni labarin aikinka. Wai mutane su tsallako teku don su kalli dutse, kai kana gaba, kana dafa musu shayi, kana ɗaure musu takalmi, in tudu ya juya musu ciki ka riƙe musu goshi su yi amai. Ni ba zan yi maka amai ba. Sau arba'in da ɗaya na hau hanyar nan, sau uku da ciki, sau ɗaya na sauko da kai a ƙirjina kana tsala ihu kwana huɗu. Ido da kafaɗa kawai nake nema aro.

Tafat, mai kai mana saƙo, zai kawo maka wannan tare da ƙullin ƙurut, cukun da na busar da hannuna. In ka ga ƙullin da rami, ka san haƙoran wane ne. Ka yi haƙuri da rubutun, malamin yaƙi da jahilci ya gudu kafin ya koya mana bin layi.

Kakarka, wadda kake ce wa Mum jon in kana son man shanu,
Mushk Begim


Skardu, 6 ga Mayu

Mum jon,

Mawla Ali madad. Na samu wasiƙarki, na samu rabin ƙurut. Ina lafiya. A gaida Kawu da mutanen gida.

Na karanta maganar kabarin Inna sau da yawa. Ba wai na ƙi ba ne. Amma kin san aikin nan wata huɗu ne a shekara. Yuni ina da Japanawa bakwai, Yuli Jamusawa tara, Agusta ma an riga an rubuta ni. Shekara biyar ina dako da kaya a baya kafin a yarda in wuce gaba. In na ce a'a sau ɗaya, akwai mutum goma a bakin ƙofar ofis masu jiran in ce a'a.

Sannan ki bar ƙirga sau arba'in da ɗaya. Tudu ba ya tambayar inda aka haifi mutum. Wanda ya shekara shida a ƙasa, jikinsa ya manta. Bara wani ɗan dako, haifaffen ƙauyen ƙarshe kafin ƙanƙara, ƙato ne ya yi biyuna, a bargo muka sauko da shi leɓɓansa sun yi shuɗi.

Ga shawarata. Oktoba in zo in kai ki asibitin Gilgit a cire yanar. Ki huta da sanyi. Baɗi mu hau da ido biyu, a hankali. Wannan shi ne abin da mai hankali zai yi.

Jikanki,
Sabzali


Yazdur, 14 ga Yuni

Mai hankali,

Ya Ali madad. Muna lafiya. Mata sun hau Pamir da dabbobi tun watan jiya, gari ya yi tsit, daga tsofaffi sai kaji.

Gilgit ba da ni ba. Mutum biyu na sani da aka kai. Ɗaya ya dawo yana zura allura, ɗaya ta dawo ana jan ta da sanda. Ba zan kai idon da ya rage wurin wuƙa ba sai ya gama aikinsa. In na nuna maka kabarin, ka kai ni su ƙwaƙule duka biyun in suna so.

Yanzu ga labari. An gama gada. Na yanka babban yak ɗina, na fasa salkar man shanu ta shekara bakwai, na ciyar da maza talatin kwana tara, su kuma suka sa ƙarfi, kamar yadda aka saba. An cire akwatin nan, Allah ya raka taki gona ba zan ce ba, na dai ce a yi makamashi da shi.

Rigimar a kan suna aka yi ta. Dattawa suka zauna suka ce sunan wa za a sa wa gadar. Na ce kakanka yana da hanya mai sunansa, mahaifiyarka tana da magudanar ruwa mai sunanta, ni kaɗai ce a gidan nan ba ni da ko tsani. A sa nawa. Sai kowa ya shiga kallon takalminsa. Ɗaya ya ce, "Mushk Begim, ai sunan wanda ya riga mu ake sawa, don masu wucewa su yi masa addu'a." Na ce, "To in na mutu wa zai gaya min ko kun rubuta daidai? Addu'ar ma gara in ji ta da kunnena, in san masu rowa." Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce naman da ke cikinsa ma ba a taɓa yanka irinsa ba. Aka rubuta.

Kogi ya fita daga cikin hujjojinka. Nemo wata.

Tafat yana sama, don haka na ba wani mai sayen fatu wannan. Ya ce yana bi ta wajenku.

Kakarka,
Mushk Begim


Skardu, 8 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Daulat,

Ya Ali madad. Kawu, ban san ta inda zan fara ba. Allah ya jiƙan Mum jon, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri.

Yau wani abokin aikina ya dawo daga kwarinmu da baƙinsa. Ya kama hannuna ya yi min ta'aziyya. Ya ce ya tsallake sabuwar gada a sama da Yazdur, ya karanta allon: Mushk Begim, matar marigayi Niyat Shah. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Tun Afrilu ban samu ko layi ɗaya daga gida ba. Yaushe ne? Ciwo ta yi? Me ya sa ba wanda ya aiko min? Na gode da kuka yi mata gada da wuri haka.

Ita ta raine ni. Tana da taurin kai, amma zuciyarta fara ce. Duk da ta kai tamanin ba ta taɓa zama ba, kuma babu wadda ta kai ta iya ƙurut a kwarin nan. Ta roƙe ni abu ɗaya, na ce mata baɗi.

Gobe da safe zan shiga ƙanƙara da Jamusawa tara, kwana goma sha tara. An ɗaure kaya, 'yan dako sittin suna jira, babu wanda zai karɓe ni. In sha Allah zan iso ranar arba'in, ku gaya min ranar da ta kama.

Kawu, don Allah, ta gaya wa wani inda kabarin Inna yake?

Ɗanka,
Sabzali


Yazdur, 25 ga Yuli

Zuwa ga maraya Sabzali, daga marigayiya,

Ya Ali madad. Muna lafiya, har da ni.

Wasiƙarka ta iso ran Talata. Ka san kawunka da rubutu. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo min ya ce, "Inna, karanta mana, daga jikanki ne." Na kai takardar bakin hancina na fara karanta wa mutanen gida mutuwata. Ina layi na uku matar kawunka ta fashe da kuka, ga ni zaune gabanta da shayin gishiri a hannu. Na ce, "Ke, wa kike yi wa?" Ta ce, "Ai ya iya tsara magana ne, Inna." Gul Andom ta ce in ci gaba, tana so ta ji ko na bar mata tukunyar tagulla.

Akwai gyara. Shekarata saba'in da uku, ban san wa ya ba ka tamanin ba. Taurin kan da ka ce, a ta'aziyya ba a kawo shi, ana bari sai an watse. Maganar ƙurut kuwa gaskiya ce tsantsa. Me ya hana ka faɗa ina da rai?

Har nan dariya nake yi. Sai na zo inda ka ce za ka iso ranar arba'in. Nan na ajiye takardar a cinya. Ashe ko gawata sai ta bi layi bayan Jamusawa tara. Gul Andom ta ce, "To ya zai yi? Ya bar mutane a kan ƙanƙara?" Na ce mata ban tambaye ta ba.

Na rubuta maka komai tun Yuni, yadda na sa sunana da bakina. Na ba mai sayen fatu, ga alama ya ƙulla gishiri da ita. Na yarda da a ce ni ce a Skardu aka kawo min labarin allon nan, abin da zan ɗauka ke nan. Rabin laifin nawa ne. Karanta layin nan da kyau, ba za ka sake ganin irinsa ba.

Ka tambayi kawunka ko na gaya wa wani wurin. Ban gaya ba. Ka ɗanɗana yadda abin zai kasance, kuma ka ji ba daɗi. Idon dama yanzu kamar ana kallo ta cikin madara. Ran da aka gama yankan sha'ir, in kana nan mu hau tare. In ba ka nan, zan hau da Gul Andom, ita ƙafa ni ƙwaƙwalwa, in tara duwatsu a wurin in sa farin ƙyalle. Iska ta bar shi ko ta ɗauke, wannan tsakaninku ne.

Kakarka mai gada,
Mushk Begim


Skardu, 13 ga Agusta

Mum jon,

Mawla Ali madad. Alhamdu lillahi. Na faɗa, na sake faɗa, yanzu kuma bari in faɗi sauran.

Kwana goma sha tara ina tafe a kan ƙanƙara ina kukanki a bayan tabarau. A ƙauyen ƙarshe na sayi akuya na yi sadaka da sunanki. 'Yan dako sittin sun yi miki addu'a. Jamusawa sun cire huluna sun tsaya shiru, wata a cikinsu ta rungume ni. Na sauko na tarar da takardarki kina gyara min shekaru. Yanzu duk kasuwar Skardu in na wuce sai a ce, "Sabzali, ya jikin mamaciyar?" Wa ya taɓa sa sunan mai rai a gada? A duk kwarin nan wa ya taɓa?

Kada ki hau. Ina roƙonki, kuma ina hana ki. Gul Andom ba ja-gora ba ce, ta taɓa ɓata tsakanin gidanta da masallaci. In kanki ya fara sarawa a tudun Jan Hawa na hanyar Pamir, babu shayin da zai warkar da shi, sauka kawai ake yi, ke kuma na san ba za ki sauka ba.

Jibi zan fita da baƙin Agusta, mu dawo biyar ga Satumba. Akwai wasu kuma a bayansu, ina neman wanda zai karɓa. Ban samu ba tukuna. Ki jira ni in ga abin da zai yiwu.

Sabzali


Bukkar dutse, ƙasan Jan Hawa, 2 ga Satumba

Sabzali jon,

Ya Ali madad. Ina lafiya yanzu. Gul Andom lafiya. Takardarka ta same ni ina ɗaure takalmi. Na ga "in ga abin da zai yiwu", na ƙarasa ɗaurewa. Na gode da akuya.

Ranar farko mun kai gada kafin la'asar. Na shafa allon da yatsa, sun rubuta daidai. Muna hutawa a bayan wani dutse sai ga maza biyar daga ƙauyen ƙetare suna saukowa da gishiri. Suka tsaya, suka ɗaga hannu, babbansu ya ce Allah ya jiƙan Mushk Begim, ya haskaka kabarinta. Na ce amin da ƙarfi. Saura kaɗan gadar ta ci mutum na farko.

Rana ta biyu mun wuce bukkokin masu awaki, aka ba mu nono, aka yi ta tambayata ina jikan nan nawa mai kai Turawa. Na ce yana can yana kai su. Mun iso bukkar nan ƙafata ƙalau.

Rana ta uku muka kama Jan Hawa. Kafin rabi sai na ji kamar an sa kaina a turmi. Taku goma, in tsaya. Taku biyar, in tsaya. Numfashi ina jan shi ba ya zuwa, kamar guga a busasshiyar rijiya. Gul Andom ta ce, "Bakinki ya canja launi." Na ce ta kula da nata. Daga nan na durƙusa na yi amai. A gabanta, Sabzali. A hanyar da na bi da cikin kawunka wata takwas ina kora yak goma. Ita da ba ta tuna komai, wannan ta ce ba za ta manta ba har ta mutu. Tafat ne ya same mu yana saukowa da man shanu, ya goyo ni ya dawo da ni nan. Kwana biyu kafin kan ya sake ni. Kada ka ce ka faɗa. Na san ka faɗa.

Sama ta gagare ni ni kaɗai. Ƙasa kuma ba zan sauka ba. Tafat ya yi magiya har ya gaji. Muna da gari da shayi da kashin yak na wuta. Zan zauna nan har mata su sauko da dabbobi a Oktoba. In ka zo kafin nan, to. In ba ka zo ba, in bi su gida, kuma na san ba zan sake ganin hanyar nan ba.

Saboda haka ga kwatance. Na riƙe shi shekara ashirin da shida don in kai ka da ƙafata, amma ba zan tafi da shi ba. Daga bukkokin mata ka ba tafki baya. Ka miƙe har inda yak ɗin Gul Andom ta karye a shekarar da dusar ƙanƙara ta zo da wuri. Daga nan ka yi dama, gwargwadon tafiyar mace mai tulu kafin ta sauya kafaɗa. Za ka ga wani dutse mai kama da kakanka in an taɓa masa taba. Ba shi ba, na bayansa. Akwai shuɗin fure a gindinsa in awaki sun bari. Nan mahaifiyarka take kwance, kanta yana gefen da rana take fara taɓawa. Gashinta irin naka ne, mai tsayawa a ƙeya. Wannan ba ya cikin kwatancen, na dai tuna ne.

Na karanta wa Gul Andom, ta ce ya fito sarai.

Tafat ya rantse a hannunka zai sa wannan, ba a hannun mai fatu ba.

Kakarka,
Mushk Begim


Yazdur, 15 ga Satumba

Mum jon,

Mawla Ali madad. Na iso gida ɗazu. Kwana uku na hanyar ƙafa a biyu na yi su. Baƙin Satumba na bar wa wani, ya yi murna ƙwarai, ban san ko zan samu wurina baɗi ba. Wannan maganar sai mun haɗu, kuma za ki ji ta.

Kawu zai taso yanzu da gari da wannan takarda. Ni sai gobe, ina jiran a kawo min yak mai sanyin hali da za ki hau. Eh, hawa za ki yi. Jan Hawa a kwana uku za mu yi shi, ba a yini ɗaya ba. Inda na ce a kwana, nan za a kwana. Ruwan da na ba ki za ki shanye. In na ga leɓɓanki sun canja, mun juyo, kuma ba na son jin sau arba'in da ɗaya.

Kwatancenki na karanta shi sau uku a mota, sau biyu a hanya. Na bi taswirar Japanawa, na bi ta sojoji, na taɓa fitar da mutum goma daga hazo da igiya. Wannan ba zai kai kowa ko'ina ba. Ba a haife ni ba lokacin da yak ɗin Gul Andom ta karye. Ban taɓa ɗaukar tulu ba. Duk duwatsun Pamir kama suke da Kaka in yana fushi. Ban sani ba ko iyakar ƙoƙarinki ke nan ko da gangan kika yi, kuma ba zan tambaya ba.

Ki zauna inda kike. Kada ki leƙa hanya cikin hasken rana, kada ki yi ɗinki, kada ki ƙara rubuta wa kowa komai. Ki adana min idon nan, da shi za mu yi aiki.

Jikanki,
Sabzali